Injin da Ya Koyi Tafiyar Saniya

Motar Alhaji Buba a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu. A takardunta an rubuta fara ce, amma a ido launinta na ƙasar duk inda ta kwana jiya ne. Ranar da aka kawo ta garejina da ke bayan Wunti, da igiyar ɗaure shanu aka jawo ta, kuma tun kafin in ɗaga bonet na san abin da zan tarar. Baƙin mai ya koma kamar kunun kanwa, fistin biyu sun ci bango, ringi ya karye ya bi ta salansa ya tafi yawon duniya. Injin fetur ne mai silinda shida, irin tsofaffin nan da aka ƙera lokacin da masu ƙera mota suke da kunya. Na ce a sauke shi ƙasa, sabon gini za a yi.

Ku samarin da kuke leƙowa gareji da waya a hannu, kuna ce mini kun ga wani Bature ya wargaza inji ya mayar cikin minti goma sha biyu, da farar riga, ana kiɗa a bayansa, wannan labarin naku ne. Kwancewa da ɗaurewa ba su ne sana'ar ba. Duk wanda ya bambance dama da hagu zai iya kwance noti, kodayake na ga masu digirin da abin ya gagara. Sana'ar tana wurin zaɓe: a cikin duk kayan da ke kasuwa, wanne za ka sa a wannan injin, na wannan mutumin, mai bin wannan hanyar. A nan ne na taɓa faɗuwa warwas, da shekara ashirin a bakin aiki, da furfura a gemu, kuma a gaban shanu.

Ni malamin makaranta ne kafin in zama bakanike. Shekara shida na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare, ina zana wa yara kogunan da ban taɓa gani ba. Da na ajiye alli na ɗauki sifana, mahaifina, malami jikan malamai a Ƙofar Ran, bai yi faɗa ba. Ya dai daina kirana in gaida baƙi. Sunan malam kuwa bai sake ni ba har yau. Ko ina kwance ƙarƙashin mota, ƙafafuna kawai ake gani, Malam Isa ake kira.

Maigidana a sana'a Baba Gambo ne, Allah ya jiƙansa. Bai iya karanta lambar da ke jikin sifana ba, amma in ya ce ka miƙo sha huɗu ka miƙa sha uku, tun kafin ta taɓa noti ya san ba ita ba ce, kuma ta iska za ta dawo maka. Shekarata ta farko a wurinsa wankin ƙarfe na yi da kananzir. A ta biyu aka yarda in taɓa birki, na motar wanda ba a so sosai. Baba Gambo yana da wata al'ada da muke yi wa dariya a bayan idonsa. In ya gama gina injin motar daji, ba ya fita titi ya taka ta. Sai ya sa giya ta ɗaya, ya ja ƙaramar sandar nan ta ogziliri mai rage gudu ta ƙara ƙarfi, ya saki kuloci a hankali, ya sauko ƙasa, ya riƙe sitiyari ta taga, ya bi motar da ƙafa daga bakin gareji har gindin dalbejiyar ƙarshen layi. Ba kowa a kujera, ba ƙafa a kan totur. In ta mutu a hanya, aiki bai yi ba. In ta tsere masa, aiki bai yi ba. Mu kuwa mu ce tsoho ya fita rakiyar amarya. Da na buɗe nawa garejin na bar wannan al'ada, domin ni mai ilimi ne. Ina da littattafai, ina da sifana mai agogo da ke gaya mini ƙarfin ɗauri.

To, mu koma ga Alhaji Buba. Bafillace ne da ya daɗe da zama cikin gari, amma shanunsa suna ruga can bayan Miri, kuma in ka lura da kyau, shi ma rabinsa yana can. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, saboda haka tsakanina da shi akwai lasisin zagi da ba ya ƙarewa.

"Bawana," in ji shi, yana dogara sandarsa a jikin motar, "ga jakata ta kwanta. Ka tashe ta."

"Alhaji, wannan ba kwanciya ta yi ba, rasuwa ta yi. Yaushe rabonku da canza mata baƙin mai?"

"Canzawa ake yi? Ni na ɗauka ƙari ake yi, kamar miya."

"Shi ya sa Allah ya ba ku shanu, ya hana ku mota."

"Ku kuma ya ba ku baki, ya hana ku shanu. Ka dai gama kafin ruwan Agusta ya kankama. Akwai tashi."

Na ce to. Ban tambaye shi tashin me ba. Ku riƙe wannan, a nan kuskuren yake. Sauran duk bayani ne.

Washegari ɗansa Usmanu ya zo. Injiniya ne, yana aiki a wani ofis a Abuja, ya zo hutu, kuma mutum ne mai ladabi, har da rusunawa. Ya ce shi zai ɗauki nauyin gyaran, yana so ya faranta wa tsoho rai.

"Baba Malam, ba na son a lallaɓa. A sa mata mafi kyau."

Sai wanda ya yi shekara ashirin yana jin "a dai lallaɓa ta kai ni gida" zai san daɗin wannan magana a kunnen bakanike. Ya ciro waya ya nuna mini irin motar tana hawan tudun rairayi a ƙasar Larabawa, tana feshi da yashi, masu rawani suna tafi. Ya nuna mini jerin kayan da aka sa mata. Na ɗora gilashina a hanci na karanta kamar mai duba takardar jarrabawa, na gyaɗa kai, har na ƙara abu biyu daga kaina.

Ga abin da muka zaɓa, ku ji da kyau, don kowanne a wurinsa kaya ne na kirki. Na farko kamshaf na tsere. Kamshaf shi ne sandar ƙarfen nan mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke buɗe wa inji hanyar numfashi tana rufewa. Na tsere ƙusumbinsa manya ne, yana barin ƙofa a buɗe ta daɗe, inji ya sha iska ya ƙoshi in yana gudu. In ba gudu yake ba, sai ya riƙa shaƙewa. Na biyu fistin masu tudu a ka, waɗanda ke matse mai da iska sosai kafin wuta ta kama. Suna ba da ƙarfi, amma tsabtataccen fetur suke so, ba wanda ya kwana a galan a bakin titi ba. Na uku fulawil marar nauyi. Fulawil faifan ƙarfe ne a bayan inji, nauyinsa ne ke ci gaba da juya shi tsakanin bugu da bugu, in ka rage nauyin inji ya riƙa zabura da wuri. Sai kafireto, mahaɗar mai da iska, mai baki biyu, girmansa kamar tukunyar gidan suna, da salansa miƙaƙƙiya wadda ba komai a cikinta sai fatan alheri.

Oga Sande, mai shagon kayan mota da ke yo mini oda daga Legas, ya duba takardar ya dube ni.

"Malam, wannan kaya na gudu ne fa. Wannan mota na Alhaji, ina zai gudu? Wa yana bin shi?"

Na ce ya yi cinikinsa, ya bar injiniyanci ga masu shi.

Aikin kansa, ba yabon kai ba, ban taɓa yin mai tsabta kamarsa ba. Na kai bulok, wato gangar jikin injin, aka gyara ramukan fistin, na wanke shi sau uku har farin ƙyalle ya shiga ya fito fari. Kowane ringi sai da na sa shi a raminsa na auna ratar bakinsa. Kowane noti na kan silinda na ɗaure shi bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, da sifanata mai agogo. Ranar da na murza makulli, tantabarun layinmu suka tashi ba su dawo ba sai la'asar. Muka fita hanyar Jos ni da Usmanu da hantsi, na taka, tsohuwar nan ta wuce motocin haya kamar an aike ta. A tsaye kuwa tana tari kamar tsohon mashayin taba, ta yi gur-gur, ta yi shiru kamar ta tuna wani abu, ta ci gaba. Na ɗan ƙara mata wuta na rufe bonet. Usmanu ya ce ai haka na cikin waya ma suke yi.

Alhaji Buba ya zo karɓa. Ya tsaya nesa kaɗan, ya karkata kai.

"Wannan ihun fa? Wa ya mutu?"

"Ƙarfi ne, Alhaji."

"To. Allah ya sa shanu su fahimta. Jibi ne tashi, ka zo ka ga aikinka. Akwai nono kyauta, na san ku ba ku wuce kyauta."

Sai da na isa rugar da sassafe na gane mene ne tashi. Rugar a fadama take. In damina ta yi tsakiya, wurin ya zama caɓi, shanu su tsaya cikin laka dare da rana har kofato ya fara ruɓewa. Don haka kowace shekara ake kwashe garken a hau da shi wani tudu mai duwatsu, tafiyar rabin yini. Hanya ɗaya ce: wani siririn burtali da ya ratsa gonakin mutanen Miri, masara a dama, dawa a hagu, sai rafi mai gaɓar laka a ƙarshe. Ƙananan maruƙa ba sa iya wannan tafiya, sai a loda su a bayan a-kori-kura. A nan dabarar take. Motar ce ke shiga gaba, tana tafiya daidai takun saniya, maruƙa suna kuka a ciki, iyayensu mata suna biye, hanci a jikin ƙofar baya. Saniyar da ke jin kukan ɗanta a gabanta ba ta san an halicci masara ba. Sauran garke su bi iyaye, makiyaya su tsare gefe kawai. Shekara da shekaru ana haka ba a taɓa cin ganye ɗaya ba, shi ya sa manoman suka bar burtalin a buɗe, alhali wasu wuraren tuni an shuke shi. Wato motar nan ba 'yar dako ba ce, limamin garke ce. Ni kuwa, ɗan gidan malamai, na gina limamin da bai san akwai mamu a bayansa ba.

Na gane haka ina tsaye, ana loda maraƙi na goma sha ɗaya. Na yi shiru, don ilimi yana koya wa mutum yin shiru a lokacin da bai kamata ba.

Usmanu ne a sitiyari, ni a gefensa, Alhaji a ƙasa da sandarsa. Da aka murza makulli, shanun gaba suka ja da baya suna kallon juna. Usmanu ya saki kuloci, ta mutu. Ya sake, ta mutu. Ya ba ta wuta sosai ya saki, ta yi tsalle kamar an ɗana mata allura, maruƙa suka zube a kan juna. Muka shiga burtali a haka: ta zabura ta bar shanu a baya, ya taka birki, ta nemi mutuwa, ya danne kuloci rabi yana ba ta wuta. Kafin mu yi nisan zuwa masallacin unguwa, warin kuloci ya cika mota, allurar zafi ta hau ja, fistin ɗina masu tsada suna ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano, domin man galan aka zuba mata a bakin hanya, kamar yadda aka saba zuba mata tun tana budurwa.

"Baba Malam, me zan yi?"

"Ka lallaɓa," na ce.

Daidai inda burtalin ya fi matsewa, salansa ta harba kamar bindigar farauta, injin ya mutu. Iyayen maruƙa suka rabu biyu. Rabi suka faɗa dama, rabi hagu, sauran garke suka bi, kuma a cikin minti ɗaya shanun Alhaji Buba suka gano cewa duk shekarun nan ta tsakiyar abinci suke wucewa.

Ba zan tsawaita a nan ba, don ba abin dariya ba ne. Mutane suka fito daga gonaki a guje, wasu da fartanya, wasu da abin da ya fi fartanya tsawo. Alhaji Buba ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya yi wa makiyayansa magana da Fillanci, su ma suka ajiye nasu, aka riƙa korar shanun da hannu da murya. Gonar da ta fi shan kashi ta wani dattijo ce, Malam Ɗanlami, wanda suka daɗe da sanin juna da Alhaji. Ya zo ya tsaya yana kallon masararsa a kwance, sannan ya juyo.

"Alhaji, shekara nawa kana wucewa ta nan?"

"Da yawa, Malam Ɗanlami."

"Na taɓa ce maka kanzil?"

"Ba ka taɓa ba."

"To yau me ya shiga kan motarka?"

Alhaji ya nuno ni da haɓa.

"Ilimi."

Maganar ɓarna aka gama ta a gaban mai unguwa, ba a kai ruwa rana ba. Wadda ta fi ta nauyi ita ce ta hanya. Matasan wurin suka ce a sare ƙaya a toshe burtalin, baɗi a shuke shi. Malam Ɗanlami ne ya tsaya. Ya ce a ba Alhaji mako guda, ya sake gwadawa sau ɗaya. In saniya ɗaya ta taɓa ganye ɗaya, shi da hannunsa zai ja ƙayar farko. Aka mayar da garken cikin laka. A ranar ma na ga biyu suna ɗingishi. In burtalin ya rufu, ba Alhaji kaɗai ya rasa ba, har da duk rugagen da ke bayansa, kuma zagaye ta titi kwana biyu ne da manyan motoci a gefe.

Aka sake jawo motar garejina, da igiyar nan dai. Na sauke injin da na yi mako uku ina ginawa, na wargaza shi da hannuna. Tsohon fulawil na fara nema, na tarar mai shayin bakin layi ya mai da shi mazaunin tukunya, sai da na sha kofi biyu na yabi madararsa kafin ya sake shi. Na je wurin Oga Sande da sabuwar takarda. Ya karanta a hankali, ya cire gilashi.

"Malam, wanda yana bin shi ya kama shi?"

Na ce ya kawo kaya.

Ku lura da abin da na zaɓa a karo na biyu, domin su ma kayan ƙarin ƙarfi ne, ƙarfin ne dai a ƙasa yake, inda ba a ɗaukar hoto. Kamshaf mai ƙananan ƙusumbi, wanda ke rufe ƙofa da wuri, inji ya sami abin bugawa ko yana juyawa a hankali. Fistin masu kwarmi a ka, waɗanda ba sa tambayar asalin fetur. Fulawil mai nauyi, na mai shayi. Ƙaramin kafireto mai baki ɗaya. Lagireto mai layi huɗu da fanka mai fukafukai da yawa, domin motar da ke tafiyar saniya ba ta samun iskar gaba, sai wadda ta jawo wa kanta. Farantin kuloci mai kauri. Bututun shaƙar iska na ɗaga shi sama saboda rafi. Ba ko ɗaya a cikinsu da zai sa masu rawani su yi tafi.

Salansa ce ta ba ni wuya. Na sa sabuwa mai kyau, shiru kamar ɗakin jarrabawa. Alhaji ya zo, don kullum sai ya zo, ya karkata kai ya saurara.

"Ba ita ba ce."

"Alhaji, wannan ko jariri ba za ta tasa ba."

"Ba jariri zan kai tudu ba. Shanu sun san muryarta. In suka ji baƙuwa a gaba da 'ya'yansu, ba za su natsu ba. Ina ta da?"

"Ta da ta huje wuri uku."

"To, ta wurin ukun take magana."

Na tono ta daga tarin ƙarafan da na ware wa masu sayen gwangwan. Muka kai ta wurin mai walda, aka toshe rami ɗaya, Alhaji ya saurara ya ce ta yi mura. Aka buɗe rabinsa. Ya rufe ido, ya ji, ya ce, "Yauwa. Ga ta nan ta dawo." Na karanta littattafai da yawa a kan inji, ba wanda ya tanadi babi a kan wannan.

Rana ta shida da yamma na sa giya ta ɗaya, na ja ogziliri, na saki kuloci, na sauko ƙasa, na riƙe sitiyari ta taga. Muka taka ni da ita daga bakin gareji zuwa ƙarshen layi, tuk, tuk, tuk, masu keke suna yi mana hon, teloli sun leƙo daga shaguna. Wani ya ce Malam Isa ya fita rakiyar amarya. Ba ta mutu ba, ba ta tsere mini ba. Na yi wa Baba Gambo addu'a a gindin falwaya, don a layinmu babu dalbejiya.

Ranar tashi ta biyu, mutanen Miri sun riga mu zuwa. Sun jeru a bakin gonaki, hannuwa a harɗe, kuma na ga an riga an saro ƙaya an tara a gefe, kada a ɓata lokaci. Usmanu ya ƙara kwanakin hutunsa don wannan. Na ce ya cire takalmin dama, ya naɗe ƙafar a kan kujera ya zauna a kanta.

"Baba Malam, in ta nemi mutuwa fa?"

"Ka yi mata addu'a. Totur dai kada ka taɓa."

Ni a ƙasa na tafi, kusa da Alhaji. Aka murza makulli, wata jar saniya da ke gaba ta ɗaga kai, ta matso, ta ɗora hanci a ƙofar baya kamar ta ga 'yar uwa. Muka shiga burtali. Ba abin da zan ba ku labari a kai na tsawon awa uku, kuma wannan shi ne duk nasarar. Tuk, tuk, tuk, maruƙa suna kuka, iyaye suna amsawa, masara tana goga wa shanu haƙarƙari ba mai waiwaye. A matsattsen wurin nan, inda karan da aka tattake yake kwance har yanzu, wata karsana marar ɗa ta juya kai, ta miƙa wuya, harshenta ya fito. Na ji numfashin mutum hamsin ya tsaya. Sai ta bayanta ta tunkuɗe ta don tana sauri ta bi ɗanta, ta wuce.

Malam Ɗanlami yana biye da mu a gefe, hannu a baya. Can ya gaji da jira, ya wuce shanun, ya wuce motar, ya waiwayo.

"Malam, ko in tura muku?"

"A'a, Baba. Ka dai jira mu a gaba."

A gaɓar rafi tayoyin gaba suka nutse, injin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ina iya ƙirga bugunsa da yatsa. Na ga gwiwar Usmanu tana motsi, ƙafar tana neman totur, na ɗaga masa hannu. Tsakanin wani bugu da na bayansa aka yi shirun da ya isa mutum ya tuba. Sai mazaunin tukunyar mai shayi ya juyo da nauyinsa, ta ce tuk, ta fita. Da saniyar ƙarshe ta haye, Malam Ɗanlami ya tuna da tarin ƙayar nan, ya ce wa matasan su kai bayan gidansa, dama awaki sun dame shi.

Burtali ya tsira, ni ne ban tsira ba. Labarin farko ya riga na biyu isa gari, don shi ma salansarsa miƙaƙƙiya ce. Shekarar nan duka sunana Malam Jirgi. Masu motocin daji suka riƙa wuce garejina suna gaisuwa daga nesa, na koma gyaran keke mai ƙafa uku da injin markaɗe. Sai da damina ta zagayo, rugage biyu na bayan Alhaji suka kawo nasu motocin, suka ce irin na jakar Alhaji Buba suke so, na biyun, ba na farkon ba. Tun daga nan ba na ɗaga bonet sai na tambayi mai mota abin da take ɗauka, inda take zuwa, wa ke binta a baya, da inda ake zuba mata mai. Wani yakan ce tambayata ta fi ta ɗan sanda yawa. Ku kuma masu son koyon aiki cikin wata uku, ƙofa a buɗe take. Ku zo da takalmi mai daɗin tafiya.

Kayan tseren kuwa Usmanu ya kwashe su a kwali, ban tambayi inda suka nufa ba. Sai bara da na je tudun nan duba wa Alhaji birki, na wuce ta inda ake ɗaure maruƙa. Doguwar igiya ce mai zarge-zarge, dangwali, ana kafe ta da turke a kowane ƙarshe. Turken wannan ƙarshen itace ne. Na wancan yana ƙyalli. Na matsa, na ga kamshaf ɗina ne, wanda ya ƙetaro teku ya biyo ta Legas, an buga shi ƙasa har rabi, igiya ta zauna daram tsakanin ƙusumbi biyu, wani maraƙi yana sosa wuya a jiki.

Alhaji Buba ya iso da ƙwaryar nono, ya miƙo mini, ya daki turken da sandarsa, ya yi ƙara mai daɗi.

"Gara ba ta ci, igiya ba ta zamewa. Ƙarfe ne na kirki, bawana. Inda za ka sa shi ne kawai ba ka sani ba."